AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Maganin Tsinin Amo a Akwatin Faz na Jita

 Yau takarda ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta tana da ɗan tsawo, kuma akwai alƙaluma a ciki. Saboda haka masu gyaran rediyo da makaɗan jita, sai a jawo biro da takarda kusa.

Takardar ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu a Agadas cikin Jamhuriyar Nijar, garin da ya yi suna wajen kiɗan jita, garin su Bombino. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ga abin da yake cewa:

"Ni mai gyaran rediyo ne, da dare kuma ina kaɗa jita a gidajen biki. Na haɗa akwatin nan da ake takawa da ƙafa don jita ta yi gurnani, wanda ake kira faz. Na bi zanen Fuzz Face, na sa taransista biyu BC108 da na ciro daga tsohuwar rediyo. Yana aiki, amma amonsa ya yi tsini ƙwarai, kamar an zuba ƙudan zuma a gwangwani. Mutane suna toshe kunne, shugaban ƙungiyarmu kuma ya ce in ban gyara ba kada in sake zuwa da shi. Na murɗa maɓallin tirebul na jikin jita har ƙarshe, amon ya dushe amma zizar tana nan. Wani lokaci ma har tashar rediyo nake ji a ciki. An ce mini sai na sayi taransista na jamaniyam, ga su da tsada. Mene ne abin yi?"

To malam, mun gode da wannan takarda. Kada ka yi saurin fid da kuɗinka, akwatin nan naka zai gyaru, watakila ma da abin da ke cikin gwangwanin tarkacen shagonka.

Amma tun da ba kowa ne ya san faz ba, bari mu ɗan koma baya. A wajen ɗaukar wata waƙa ta Marty Robbins mai suna Don't Worry, wadda ta fito cikin 1961, wani sashe na na'urar ɗaukar sauti ya lalace a birnin Nashville na Amurka, sai jitar Grady Martin ta fito da wani irin amo mai ƙugi. Jama'a suka so shi. Injiniyan wurin, Glenn Snoddy, ya zauna ya ƙera haɗin taransista mai ba da wannan amo da gangan, kamfanin Gibson kuma ya fara sayar da shi cikin 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. Kasuwarsa ta buɗe sosai cikin 1965 bayan ƙungiyar Rolling Stones ta yi amfani da shi a waƙarta Satisfaction. Shi kuwa Fuzz Face da mai tambaya ya kwaikwaya, kamfanin Arbiter na Landan ne ya fito da shi cikin 1966, Jimi Hendrix ya sa duniya ta san shi. Watau dai tun asali faz ɓata sauti ne da gangan. Gwaninta ita ce a ɓata shi daidai misali.

To daga ina tsinin yake fitowa? Idan ka kaɗa tsirkiya, tana karkarwa sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, kuma yawan karkarwar shi ake aunawa da haz, haz ɗin nan da kuke ji a bakinmu idan muna sanar da inda za a kama tasha. Tsirkiyar jita mafi kauri tana yin haz 82, mafi siranta haz 330, in ka danna ta can ƙarshen wuyan jita ta kai wajen haz 1,300. Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, watau fikof, shi ke mai da wannan karkarwa ta zama 'yar wutar lantarki mai hawa da sauka a hankali. Aikin faz shi ne ya kumbura wannan wuta fiye da abin da batir mai bolt 9 zai iya bayarwa, sai samanta da ƙasanta su yanke. Kamar dai a cika mudu ya yi tsororo, a sa hannu a shafe shi.

Wannan yankewa ita ce ke haifar da sababbin amo waɗanda da can babu su a jikin tsirkiya. Alal misali, in sautin haz 1,000 ne aka yanke shi sosai sama da ƙasa daidai wa daida, za a sami 'ya'yansa a haz 3,000 da 5,000 da 7,000, haka har sama, na farko da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin uwar, na biyu ɗaya cikin biyar, na uku ɗaya cikin bakwai. Fuzz Face kuwa ya fi yanke gefe ɗaya, don haka har da na haz 2,000 da 4,000 yake ƙarawa. Kunnen ɗan Adam kuma ya fi jin zafin abin da ke tsakanin haz 2,000 da 5,000. Ka ga inda ƙudan zumanka suka fito.

A nan ne amsar tambayarka take, malam, sai ka riƙe ta da kyau: tsinin nan a cikin akwatin ake haifarsa, ba daga jita yake zuwa ba. Shi ya sa da ka murɗa maɓallin jita amon ya dushe amma zizar ba ta tafi ba. Ka tace gari tun bai shiga injin niƙa ba. Duk wanda zai rage tsinin faz, sai ya tare shi a wurin da ake yin sa, ko kuma bayan ya fito.

Amma kafin ka kunna ayan ɗin liƙi, akwai abubuwa biyu da za ka duba waɗanda ba sa bukatar ko ɗigon dalma.

Na farko, wace lasifika kake amfani da ita? Lasifikar da aka yi musamman don jita ba ta fid da abin da ya wuce haz 5,000 ko kusa da haka sai kaɗan, watau ita kanta matata ce. Amma manyan lasifikokin biki da ake haya, da na rediyo mai kaset, suna da 'yar ƙaramar lasifikar tirebul wadda ke fid da komai har iyakar jin kunne, wajen haz 20,000. Ko faz na kanti mai tsada ka sa kai tsaye cikin irin waɗannan, ziza za ka ji. Ka ari amfilifayar jita ka gwada. In tsinin ya ragu sosai, to akwatinka ba shi da laifi mai yawa. In da hali ka riƙa bi ta amfilifayar jita, a ajiye makirfo a gabanta. In babu hali, matatar da za mu bayyana can gaba ita ce za ta tsaya a madadinta.

Na biyu, mene ne ke tsakanin jita da faz? Shi Fuzz Face an yi shi ne don ya sha kai tsaye daga fikof. Bakinsa na shiga yana danne fikof ɗin, wannan dannewa kuwa tana rage tirebul tun daga tushe, ita ce kuma ke sa amon ya yi tsabta in ka ɗan rage bolum na jita. Idan ka sa wani akwati a gabansa mai haɗin da ake kira bafa, irin wanda ke cikin akwatunan Boss ko da an kashe su, wannan zumunci ya yanke, amon ya yi kaushi da tsini. Magani shi ne faz ya zama na farko daga jita. In dole ne wani abu ya gabace shi, sa rizista mai kilo-om 10 zuwa 47 a kan layin shigarsa.

To yanzu sai a buɗe akwati, a ɗauko mita. Sa sabon batir, ka auna tsakanin ƙafar C ta taransista na biyu da wayar ƙasa, watau layin da ke haɗe da negatif ɗin batir a irin haɗinka. Abin da ake so shi ne wajen bolt 4.5, rabin batir ke nan. In ka ga bolt 2, ko kuma 7 ko 8, to taransistan ya karkata gefe guda, amonsa zai riƙa tsattsagewa yana yankewa tun tsirkiya ba ta gama kuka ba, mutane da yawa kuma sukan ɗauka tirebul ne ya yi yawa. Rizistar da ke kan wannan ƙafa a zanen asali mai kilo-om 8.2 ce. Cire ta, ka sa mai 2.2 a jere da 'yar rizista mai murɗawa ta kilo-om 10, ka murɗa kana kallon mita. In awon ya yi ƙasa a rage rizistar, in ya yi sama a ƙara ta.

Daga nan sai ka tambayi kanka, shin tirebul ne ya yi yawa ko kuwa bas ne ya ɓace? Miyar da ba ta ji nama ba, yajinta ake fara ji. A zanen asali, kafasitar shiga mai maikrofarad 2.2 ce, ta fita kuma mai nanofarad 10, bolum ɗin fita mai kilo-om 500. Wannan haɗi yana barin duk abin da ya wuce haz 32 ya fita, watau bas ɗin jita gaba ɗaya. Amma mai gyaran rediyo yakan sa bolum ɗin da ya samu a hannu. In mai kilo-om 50 ka sa, iyakar ta tashi daga haz 32 ta koma 318, ka ga kusan duk tsirkiyoyinka in ba a danna su ba suna ƙasa da wannan, an rage musu kauri ke nan. In haka ne, ko ka nemo bolum mai 500, ko ka mai da kafasitar fita ta zama mai nanofarad 100, wadda aka rubuta wa 104 a jiki. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa.

In ba ta ƙare ba, sai mu zo ga rage tirebul ɗin kansa. Kafasita kamar rariya take, tana barin siririn amo ya bi ta cikinta, ta tare mai kauri. Dabarar ita ce a buɗe wa siririn wata hanya ya zurare kafin ya kai lasifika.

Hanya ta farko, ɗauki 'yar ƙaramar kafasita mai fikofarad 100, wadda aka rubuta wa 101, ka liƙa ta tsakanin ƙafar B da ƙafar C na taransista na biyu. Kada ka raina ƙanƙantarta. Taransistan yana ninka tasirinta gwargwadon ƙarfin kumburawarsa, abin da wani masani, John Miller, ya bayyana tun cikin 1920. Tana tausasa kaifin yankewar tun a inda ake yin ta. In bai isa ba gwada mai 220, watau 221, ko ka sa wata mai 100 a taransista na farko. Da wuya a bukaci wuce 470. Akwatin Big Muff na kamfanin Electro-Harmonix, wanda aka sani da laushin gurnani, irin waɗannan ƙananan kafasitoci masu wajen fikofarad 500 ne ke zaune a kan taransistocinsa.

Wannan 'yar kafasita ita ce kuma babban maganin tashar rediyon da kake ji. Doguwar wayar jita tana zama eriya, taransista mai ƙarfi kuma ya kama tasha ya kumbura ta. Mu dai muna son a saurare mu, amma ba ta cikin jita ba a tsakiyar biki! Ka haɗa da akwatin ƙarfe wanda aka liƙa jikinsa da wayar ƙasa, ka gajarta wayoyin ciki, ka kuma nisanta wayar shiga da ta fita, domin in suna gogar juna akwatin yakan kama fito shi kaɗai.

Hanya ta biyu ita ce matata a bakin fita. Sa rizista mai kilo-om 10 a kan layin sauti bayan kafasitar fita, kafin bolum, sa'an nan daga bayan rizistar ka saukar da kafasita zuwa wayar ƙasa. Ga lissafin, kuma ya isa a rubuta shi a bangon shago: ninka rizista a kilo-om da kafasita a nanofarad, abin da ka samu ka raba 159,000 da shi, amsar ita ce haz ɗin da matatar za ta fara rage amo. Da kilo-om 10 da nanofarad 3.3, mai lamba 332, ninki ya ba da 33, rabawa ta ba da wajen haz 4,800. Da nanofarad 4.7, mai lamba 472, wajen 3,400. Da nanofarad 10, mai lamba 103, wajen 1,600, wannan kam ya yi duhu ga yawancin kiɗa. A lura, matatar ba ta datse amo kamar ƙofa. A daidai iyakar tana barin kashi 70 cikin 100, daga nan sama kuma duk lokacin da haz ya ninka, ƙarfin ya ragu da kusan rabi.

Akwai ma gajeriyar hanya a zanen Fuzz Face. Kusa da rizistar nan ta 8.2 akwai wata ƙarama mai om 330, a wasu zane 470, kuma daga mahaɗarsu ake ɗaukar sauti. Ka ɗora kafasita mai lamba 104 a kan ƙaramar, ƙafa ɗaya nan ƙafa ɗaya can. A kan 330 za ta ba ka wajen haz 4,800, a kan 470 wajen 3,400. Liƙi biyu kawai.

Hanya ta uku ta fi dacewa da mai yawon biki, wanda yau wannan lasifika gobe waccan. A maimakon rizistar kilo-om 10 ɗin nan, sa mai 1.5 a jere da bolum mai kilo-om 50, ka yi amfani da ƙafarsa ta tsakiya da ɗaya ta gefe, kafasita kuma mai lamba 332. Ka sami maɓallin tirebul ke nan a kan akwatinka, daga buɗe sarai har zuwa wajen haz 900. Irin wannan matata ce ke cikin akwatin Rat na kamfanin ProCo, sai dai su bolum mai 100 suka sa.

Sai batun jamaniyam. Wanda ya ba ka shawarar bai yi ƙarya ba. Fuzz Face na farko taransistan jamaniyam NKT275 ne a cikinsa, daga baya aka koma na silikon irin su BC108, kuma na jamaniyam ya fi laushi domin ba shi da ƙarfi sosai, ba ya kuma iya bin siririn amo da sauri. Amma yana da hali guda, ba ya shiri da zafi. Wutar da ke yoyo a cikinsa takan ninka kusan duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. A garin da zafin bazara ke wuce digiri 40, akwatin da ka daidaita da asuba zai iya shaƙewa da azahar. Bugu da ƙari, yawancinsu irin PNP ne, sai ka juya batir da kafasitoci masu fuska biyu. Abin da ya fi maka shi ne ka duba harafin ƙarshe a jikin naka. BC108C ƙarfinsa daga 420 ne zuwa 800, mai B daga 200 zuwa 450, mai A daga 110 zuwa 220. Masu haɗa Fuzz Face kuwa sun fi son wajen 70 zuwa 80 a na farko, 110 zuwa 130 a na biyu. In mai C ne a akwatinka, ya ninka abin da ake bukata sau da yawa. Nemi mai A, ko BC547A, ka gwada su a ramin hFE na mitarka ka zaɓi masu rauni, ka tabbata ka gane ƙafafun kafin ka liƙa, sa'an nan ka sake auna bolt 4.5 ɗin nan.

Gargaɗi uku kafin lokaci ya cim mana. Na ɗaya, canji ɗaya a lokaci ɗaya. Ka liƙa wayoyi biyu masu ɗan maƙale a baki, ka riƙa sauya kafasita kana saurare kana rubutawa. In ka canja abu biyar a tare, ko ya gyaru ba ka san wanda ya yi aikin ba, gobe wani makaɗi ya kawo maka nasa ka rasa ta inda za ka fara.

Na biyu, kada gudun tsini ya sa ka kashe jitar. Amon da ya yi maka daɗi kai kaɗai a shago, in ganguna da masu tafi suka taso sai ya nutse, domin ɗan cizon nan na tsakanin haz 2,000 da 4,000 shi ke sa a ji jita a cikin taro. Ka rage har kunne ya huta, ka tsaya nan. Kuma ka gwada tare da 'yan ƙungiyarku, da irin ƙarar da kuke yi a fili, tun biki bai zo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, akwatin faz mai batir ba ya kama mutum, amma amfilifaya daban ce. Masu kwalba a ciki suna aiki da ɗaruruwan bolt, manyan kafasitocinsu kuma suna riƙe wuta ko bayan an zare waya daga bango. Kai mai gyara ka san wannan, amma yara masu koyo suna jinmu, don su muke faɗa. Duk gyaran da muka lissafa a cikin akwatin batir yake, ba a cikin amfilifaya ba.

A taƙaice ke nan, malam: lasifika da jerin akwatuna tukuna, sai awon bolt, sai bolum da kafasitar fita, sai 101 tsakanin B da C, sai matata a bakin fita, canjin taransista shi ne na ƙarshe. Muna fata za ka sake rubuto mana ka faɗa mana a mataki na nawa ƙudan zuman suka tashi, don sauran masu sauraro su amfana, ka kuma gai da mana shugaban ƙungiya.

To jama'a, a nan za mu dasa aya. Masu tambayoyi sai a ci gaba da aiko da takardu, a rubuta a fili yadda za su karantu, in tambayar gyara ce a haɗo da zanen haɗin da lambobin da ke jikin kayan. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.